Ƙaramin Babur Ɗin da Na Hana Ka Saya

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku mai kayan miya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ɗa ke yi wa mahaifinsa a durƙushe, takalmi a cire, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Na san ba a kai takarda inda kake. Na rubuta ne saboda wata magana ta tokare min ƙirji shekara uku cur, kuma idan wasu suka leƙo suka karanta, to su karanta, wataƙila ta yi musu amfani.

Baba, na sayi babur. Ƙarami ne, roba-roba, irin wanda ka ɗora wa hannu ranar nan a Kano na hana ka saya.

Kafin in shiga maganar, bari in ba ka labarin gida. Inna tana nan, hawan jini yana taɓa ta jefi-jefi. Duniya kuwa ta yi zafi bayanka. Mai ya yi tsadar da har masu motar Bici sukan yini a tasha ba su cika ba. Takin zamani ya gagari talaka, mun koma roƙon kashin awaki a maƙwabta. Gidajen da ka sani ana ɗora tukunya sau uku yanzu sau ɗaya ake ɗorawa, wasu ma sai an tafasa rama an sa ƙuli a kira shi abincin rana. Ni kuma an mayar da ni wata firamare can bayan rafi. Kekenka nake hawa, amma rairayin hanyar nan ya fi ƙarfina, kullum sai an cinye darasin farko nake isa, jiƙe da gumi. Hedimasta ya ja min kunne sau biyu, ya ce na uku takarda ce. In aikin nan ya kuɓuce, ban san abin da ni da Inna za mu ci ba.

Ka ga dalilin da ya sa dole na koyi abin da na rantse ba zan taɓa hawa ba.

Shekara talatin da wani abu ka yi a kan keke, daga wannan kasuwa zuwa waccan, da buhun kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a baya. A kansa ka koya min tuƙi, a filin bayan masallaci. Abu ɗaya ka yi ta nanata min har na haddace kamar karatun allo: "Birkin hagu ake fara kamawa. Na dama na gaba ne, in ka cafke shi da gudu sai ya kifar da kai." Ban taɓa ganin ka faɗi a keke ba, ko sau ɗaya.

Da gwiwoyinka suka fara ciwo, har sai ka dafa bango kake tashi daga sujada, sai ka sayar da san noma guda ka ce za ka sayi mashin. Ka fara zuwa wajen Lawan bakanike neman shawara. Ina tsaye ya ce maka, "Malam, ƙarami za ka saya. Ba shi da kuloci a hannu, ba shi da nauyi, in ya karkata ƙafarka za ta tare shi. Wanda ya tsufa a kan keke, hannunsa na hagu birki kawai ya sani." Ka gyaɗa kai. Ni kuwa na taɓe baki, a raina ina cewa Lawan ɗan ƙauye ne, me ya sani?

Me ni na sani, Baba? Ban taɓa murɗa totur ba a rayuwata. Abin da nake da shi kawai takardar gama kwaleji a Bici, da bakin surutu, da hirar samari a majalisa inda ake auna babur da buhu nawa yake ɗauka da mutum nawa yake goyawa.

Ka tafi da ni Kano don in karanta maka takardun. A shagon, kai tsaye ka nufi wani ɗan shuɗin roba-roba. Ka tattare rigarka ka zauna a kai, ka sauke ƙafafunka duka biyu, suka taka ƙasa daram. Na ga fuskarka ta saki. Ka ce, kamar da kanka kake magana, "Wannan ƙafata tana taɓa ƙasa."

Ni kuma na buɗe bakin nan nawa, a gaban mai shago da yaransa da masu ciniki, na ce haba Baba, wannan ai na mata ne da malaman asibiti. Na ce buhu nawa zai ɗauka? Na ce sa guda ka sayar, ka koma gari da wannan ai dariya za a yi mana. Wallahi "mana" na ce. Kunyata nake gudu, ba taka ba. Na nuna maka wani jibgegen ja irin na 'yan acaɓa, mai shago kuwa ya ce ai yaron ya fi ka ido.

Ka san abin da ya fi ci min rai? Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ba ka haɗa ido da ni a cikin mutane, balle ka tsaya musu da ni. Da ƙanena ne ya faɗi haka, da ka daka masa tsawa an wuce wurin. Amma ni ne, sai kunyar ɗan fari ta ɗaure maka baki. Ka sauka daga kan ƙaramin a hankali, ka shafa sirdinsa sau ɗaya, ka hau babban. Yatsun ƙafarka ne kawai suke taɓa ƙasa. Na gani da idona, Baba, na kau da kai.

Lawan muka kira ya zo ya tuƙo shi gida. Da ya gan shi, kallona kawai ya yi. Mutane suka cika ƙofar gida ana Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, kana raba goro. Ni ina gefe ina hura hanci kamar ni na biya.

Sati uku Lawan yana koya maka a filin makaranta bayan la'asar. Ka iya, ba ƙarya. Kana matse kuloci da hagu, ka sa giya, ka saki a hankali, ka taka birki da ƙafar dama. A fili, inda babu abin da zai firgita mutum, komai daidai kake yi. Lawan ya ce ka ƙara wata guda kafin ka shiga hanya. Amma damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, kasuwa uku ta wuce ka. Ka ce cikin gida ba zai jira wata guda ba.

Ranar ka fita da hantsi, buhu biyu a baya. Gero ya fi mutum tsayi a lokacin, hanya ta zama kamar lungu, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo kansa. A gangaren rafi, daidai inda burtali ya fito, Ɗanladi na unguwarmu ya kunno kai da amalanken shanu cike da taki. Shi ya ba ni labari daga baya, yana kuka kamar ƙaramin yaro: "Na gan shi ya matse, wallahi ya matse da iya ƙarfinsa, amma abin sai ƙara gudu yake." Ka kauce wa shanun, ka daki bakin kwalbati.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu ka yi a asibiti ba ka buɗe ido ba.

Gari duka aka ce birki ne ya tsinke. Aka yi ta tsine wa kayan zamani, ni ma ina cikin masu gyaɗa kai. Sai bayan addu'ar bakwai Lawan ya ja ni zaure inda aka jingine mashin ɗin. Ya taka birkin ƙafa, ya kama. Ya matse na dama, ya kama. Sannan ya nuna min hannun kuloci na hagu, ya lanƙwashe har ya manne da kan babur. Ya ce, "Birki lafiyarsa ƙalau. Da ya firgita, hannunsa ya koma keke. Kuloci ya matse a gangare, inji ya sake shi." Mu biyu mun san a ƙaramin babu abin matsewa a hagu.

Na san kwana ne ya ƙare. Liman ya faɗa, na kuma yi imani da haka, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma sanin haka bai hana ni jin muryata a shagon nan ba, kullum, tana cewa na mata ne. Shekara uku ina wuce mashin ɗin nan a zaure, lulluɓe da tsohuwar tabarma, ina sunkuyar da kai. Shekara uku Inna tana miƙo min tuwo ina karɓa, ina ganin ba ta san wanda take ciyarwa ba. Sau nawa na je bakin ƙofarta da niyyar faɗa, in ƙare da tambayar ko akwai saƙon kasuwa. Tsoro nake kada ta dube ni ta ga wanda ya raba ta da mijinta. Ita kaɗai ta rage min, Baba.

Da maganar aiki ta matsa, na sa Lawan ya gyara jan ya sayar, na haɗa da kuɗin gyaɗar bana. Na ce masa ya zaɓa min, ba zan sa baki ba. Ya ce, "A'a, kai za ka hau, kai za ka zauna a kai ka ji." Muka je. Na zauna a kan wani ɗan roba-roba na hannu, fentinsa ya koɗe, na sauke ƙafafuna. Suka taka ƙasa daram. Sai da na shiga bayan shagon na share fuska.

An yi dariyar kuwa. Samarin majalisa suka ce Malam ya sayo na amarya, saura gyale. Wani ya ce ko buhun ƙaiƙayi ba zai ja ba. Ka ji abin da na guje wa ke nan, abin da na sayar da kai a kansa. Dariya ce ta minti biyu, Baba. Kafin in kai ƙofar gida sun koma hirar ƙwallo.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake na turo shi ciki. Ta dube shi, ta ajiye faifan, ta shige ɗaki. Na jingine shi na bi ta, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ban tsara komai ba, maganar ce kawai ta zubo. Na gaya mata shagon, da abin da na ce, da yadda ka sauka daga kan ƙaramin, da hannun kulocin da Lawan ya nuna min. Na ce ta yafe min in za ta iya.

Ta juya tana kallon bango. Sannan ta ce, "Ai na sani. Ranar da kuka kawo shi ya gaya min. Ya ce shi ƙaramin ya so, amma yaron nan ya zaɓa masa babba, kuma ba zai kunyata shi a gaban mutanen birni ba." Ta ce da murmushi ka faɗa. Ta ce har ka ƙara da cewa yaron ya yi karatu, yana so a ga ubansa a kan abu mai daraja.

Wayyo Baba. Da zagina ka yi, da ya fi min sauƙi.

Shekara uku ta sani, tana dafa min, tana wanke min, ba ta taɓa canza min fuska ba. Na kifa kai a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Ba ta rarrashe ni ba, ka san halinta da ni. Sai da na yi shiru don kaina ta miƙe, ta fita tsakar gida, ta zagaya babur ɗin sau ɗaya. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Wannan ƙafarka tana taɓa ƙasa?" Na ce tana taɓawa. Ta ce to, ta koma kan wakenta.

Yanzu kwana tara ke nan Lawan yana koya min a filin da ya koya maka. Ya ce wata biyu zan yi kafin in shiga hanya, na ce ko uku ne. Na je na gaya wa hedimasta gaskiya, ya ce zai ɗaga min ƙafa zuwa ƙarshen zango. Na sayi hular kwano, ita ma ana yi mata dariya.

Jiya akuya ta gifta min a guje. Kafin in yi tunanin komai hannuna na hagu ya kai cafka, yadda ka koya min a bayan masallaci. Bai sami komai ba, iska ya damƙa. Sai ƙafata ta tuna, ta taka birki, babur ya tsaya cak, na sauke ƙafafu biyu. Na daɗe a wurin ina kallon hannun nan nawa. Abin da ya raba ni da kai ke nan, Baba, ɗan ƙarfen da bai kai tsawon cokali ba, kuma ni na sa maka shi a hannu.

Ka yafe min. Na san ka yafe tun a shagon, amma ina so in roƙa da bakina.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa gumin da ka zubar a hanyoyin kasuwa don ciyar da mu ya zama nauyi a mizaninka. Allah ya ba Inna lafiya da tsawon rai, ya saka wa Lawan da alheri. Ni kuma Allah ya tsare min harshena, ya haɗa mu a Aljanna inda zan durƙusa in faɗa maka wannan ido da ido. Amin.

Ɗanka na fari, wanda ba ka taɓa kiran sunansa ba,
Habibu.