Rarar Yatsa Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai ɗakin ya cika shiru.

Kin tuna shuɗiyar rigar marigayiya Inna da na taho da ita? Na farke ta, ina ɗorawa kan yadi ina fitar da irinta, maƙwabta suna saye. Ɗinki ya karɓe ni, kada ki damu.

Abu ɗaya ne. Kin san Inna takan bar rarar yatsa biyu a gefen riga, ta ce, "Ko Allah zai kawo ƙiba." Ni kuwa daidai nake yankawa, yadi da tsada. Amma duk rigar da na juya, sai in ga rarar nan. Jiya da rana na shiga kicin, na dawo na tarar an ƙarasa kalmasar da na bari. Bakin zaren a jiƙe, kamar da haƙori aka yanke. Ni kaɗai ke da makulli.

Ki gaishe da kowa. Don Allah ki buɗe gwangwanin Inna, ki duba ko doguwar allurarta tana ciki. In ba ta nan, kada ki faɗa mini.

Ƙanwarki.