Hudar da ke Murfin Tukunyarka

Zuwa ga Baturen kantin da ke sayen ƙiraga da gyaɗa a ƙasarmu.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zafin ƙasarmu. Bayan haka, ni ne Mamman Dogo na Ɗantutture, manomi, tsoho. Ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba, balle naku. Limamin unguwarmu ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce mashi kada ya tausasa mani magana. Za a karanta takardar nan a kasuwar Kuki kafin ta iso gare ka, don a can abin ya soma.

Na ɗaya. Bayan girbin gero dillalinka ya zo kasuwar da tukwanen ƙarfe masu murfin da ake murɗe kunnuwansa ya kama gam. Ya hura wuta a gabanmu, ya zuba wake, ya rufe. Kafin a gama cinikin rago guda wake ya nuna. Na ba da ƙirgin bajimi, na ɗauko guda a ka har gida. Ba don burga ba. Uwar 'ya'yana ta tsufa, bayanta ya gaji da ɗaukar itace. Shekara arba'in ban kama sunanta ba, ba kuwa zan fara a takardarka ba.

Na biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba ko da ina fushi. Tukunyarka tana dafa wake da wuri. Ƙafar saniya, wadda kan cinye yini guda a wuta, kafin azahar ta saki. Itacen kwana ɗaya ya kai mu uku. Iyakarta ke nan. Ba a tuƙa tuwo a cikinta, don in an rufe babu inda muciya za ta shiga, in an buɗe kuwa nauyinta kawai ya rage maka. Miya sau biyu ta kama, don mace ba ta ganin abin da ke ciki. Matanmu da ido suke girki, da hanci, da harshe. Su buɗe, su motsa, su ɗanɗana, su ƙara daddawa. Ka kawo masu tukunyar da ba ta yarda a dube ta.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar. A tsakiyar murfin akwai wata 'yar huda, tururi na fita ta nan da fito mai ban haushi. Ranka ya daɗe, ka tambayi duk macen da ka ga dama daga nan har Dutsin-Ma me ake yi in tukunya tana zubar da tururi. Liƙewa ake yi. Haka ake yi wa madambaci in za a yi dambu, a naɗa tsumma, a shafe da ƙullu. Ita ma uwar 'ya'yana haka uwarta ta koya mata. Ranar wata Alhamis da hantsi ta ɗora wake, fiton ya ishe ta, ta cusa tsumma a hudar ta shafe da ƙullu kamar yadda mai hankali ke yi. Ina bayan ɗaki ina gyaran rumbu na ji ƙara kamar ta bindiga. Murfin ya keta zana ya faɗa gidan maƙwabci. Ita kuwa ta sunkuya ke nan tana gyara wuta. Wake mai tafasa ya rufe mata fuska da ƙirji. Wanzami ya yi nashi, masu magani sun yi nasu. Fata ta warke a tattare. Idon hagu ya yi fari fat, na dama haske kaɗai yake gani. Yanzu ni ke riƙe mata sanda.

Na huɗu. Kasuwa uku ina taka ƙafa zuwa wurin dillalinka. A ta ukun ya ce mani, a gaban mutane, wai laifin tsohuwa ne, wai an rubuta a takardar da ta zo cikin akwatin cewa ba a toshe hudar. Da wane harshe aka rubuta? Wa ya ga takardar? Ni ina tsaye ranar da ya dafa waken nan, bai ce komai a kan huda ba. Ko da ya ce ma, mu maza ya tara. Matan da za su ɗora tukunyar suna cikin gida, ba sa zuwa kasuwa. Nawa laifin na san shi, ni na ɗauko ta. Naku fa?

Maganar dillalinka ta riga ni isa gida. Yanzu a unguwa ana cewa wautarta ce ta ja mata. Macen da ta yi girkin sunan rabin yaran garin nan. Kullum da safe, in na kai mata ruwan alwala, sai ta tambaye ni ko da gaske ita ta yi ba daidai ba. Na ce mata a'a har na gaji. Ba ta yarda, ta ce tausayinta nake ji.

To ga abin da nake roƙo. Ba na son wata tukunya, ba na son turmin zane. Na farko, ka sa a yi shela da Hausa cewa ba a toshe hudar, a kuma sami mata su bi gida gida, don na ga masu saye da idona, guda ma tana cikin kayan wata amarya a Kutawa. Na biyu, ka ba ni amsa a rubuce cewa ba laifinta ba ne, ba a gaya mata ba ne. Liman zai zauna a zaure ya karanta da ƙarfi yadda za ta ji. In ba ka amsa ba, duk ranar kasuwa za a same ni tsaye kusa da dillalinka, har ƙafata ta ƙi.

Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye maka iyalinka, kada ya nuna maka abin da na gani a bakin murhuna. Na haɗo maka da murfin. Ƙullun na nan a hudar, ya bushe, da shatin babban yatsanta a kai. Ka dube shi da kyau, kai da ke da idanu biyu.

Wassalam.

Mamman Dogo, Ɗantutture.