Kiri-kirin Kabarin Luba

Juma'a, 18 ga Yuni, 1954
Daga masallaci na wuce maƙabartar gindin Goron Dutse. Ciyawar kiri-kiri ta rufe kabarin matata Luba. Ita da ko tsinke ba ta bari a tsakar gida! Na tumɓuke ta tas, har saiwa. Baffa Sabo, ƙanin mahaifina, ya ce, "Ɗan nan, gangare ne fa, bar mata rigarta." Ban kula shi ba. Me ya sani game da Luba?

Litinin, 12 ga Yuli
Na kasa ɗinka ko takalmi ɗaya a kasuwar Kurmi. Na koma na sake share kabarin.

Asabar, 24 ga Yuli
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu haƙar jar ƙasa sun yanke gefen dutsen, duk ruwan ta kan maƙabartar ya biyo. Ƙasar kabarin ta zaizaye, fasasshiyar tukunyar da na kafa alama ta tafi. Na tsaya ina dube-dube kamar baƙo. Wallahi na yi kuka, na kasa gane inda take.

Lahadi, 25 ga Yuli
Baffa ne ya nuna mini. Kaburburan da ba mai zuwa dubawa suna nan daram, kiri-kiri ta riƙe su. Nata kaɗai ya lotsa. Nata da nake zuwa kullum.

Laraba, 4 ga Agusta
Na mayar da ƙasa. Kashin yawo ne ya fito, wannan baƙuwar ciyawa mai ƙaya da ke bin ƙafar dabbobi. Yana soke ni, kuma ba ya riƙe komai.

Juma'a, 20 ga Agusta
Bakin makwararar gidanmu akwai kiri-kirin da Luba ta yi shekaru tana yaƙi da ita, tana cewa, "Ke dai ba ki da kunya." Na haƙo ta da ƙasarta, na kai na dasa. Ki yi haƙuri, Luba. Abokiyar faɗanki na kawo miki.

Talata, 14 ga Satumba
Ta kama, ta yi shar. Yanzu kabarin bai bambanta da na kowa ba, abin ya yi mini ciwo.
An yi ruwa da la'asar. Sai da ya ɗauke na lura ban tashi daga ɗinki don in je duba kabarin ba.