Mutum na Dubu

Kuikkasalo, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Marjatta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni ƙalau nake, ban da ƙugun nan da likita ya bi ya ɗaga miki hankali a kansa. Faɗuwa ɗaya a bakin rijiya, sai ka ce rufin gida ne ya faɗo mini.

Na karanta maganar ɗakin da kika gyara mini a birnin Tampere. Na gode, amma ba yanzu ba. Kin san allon da Kauko mai kanti yake rubuta yawan mutanen gundumarmu a kai da alli. Tun da aka binne tsohuwa Impi ya goge dubu da ɗaya ya rubuta dubu cif. Ana ta cewa muddin muka gaza dubu za a haɗe gundumarmu da ta tsallaken tafki, mutanen da ko kifi ba su iya busarwa ba. Kauko ya ce mini, "Reino, kai ne na dubun. In ka sake ka tafi, ko ka mutu, ni da kai ne." To ya kike so in yi?

Masu gidajen hutu na bakin ruwa sun kulle sun koma birni. A lokacin zafi sun ninka mu biyu, amma ba a lissafa su. Tsibirinmu yanzu hayaƙin gida bakwai ne kawai ke tashi.

Mahaifinki, Reino

Kuikkasalo, 21 ga Janairu

Marjatta,

Ina gaishe ki, ya sanyi? Tafki ya daskare sosai, an buɗe hanyar mota a kan ƙanƙara, jirgin fito ya samu hutu.

Kin ce a waya taurin kai ne da ni. Ban musa ba, a wurina kika gada. Amma ga labari: Outi matar Tuomo mai yankan katako tana da ciki, wata bakwai. Duk gari ya sa mata ido. Tsofaffi uku suna saƙa safa, Kauko ya hana ta ɗaukar ko buhun dankali. Rannan ta ce masa, "Kawu, ni fa ɗa zan haifa, ba lamba ba." Na yi dariya har ƙugun ya tuna mini da kansa.

Na yi miki alkawari, ranar da ta sauka lafiya zan haɗa kayana. Kafin nan ki daina turo mini hoton labulen ɗakin.

Mahaifinki

Kuikkasalo, 12 ga Maris

'Yata,

Da fatan kun tashi lafiya. Outi ta haihu ranar Talata, tagwaye, mace da namiji. An ɗaga tuta a gaban majalisar gunduma, an sha kofi a kanti. Kauko ya rubuta dubu da biyu, ya dafa kafaɗata ya ce, "To tsoho, an sallame ka, har da rarar mutum ɗaya."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da na dawo gida na zauna ban ko cire takalmi ba. Marjatta, gaskiya ita ce ba allon ne ya riƙe ni ba. Na ji daɗin samun abin fakewa ne kawai. Shekara tamanin da ɗaya ban taɓa kwana goma a inda ba na ganin ruwan nan ba, kuma tsoro nake ji. Jiya na kasa shigo da itacen hura wuta, sai da na jira mai kawo wasiƙa ya taimake ni. Wannan ban gaya wa kowa ba sai ke.

Alkawari na yi, zan cika. Ƙanƙarar ta fara laushi, an ce mako mai zuwa za a rufe hanya, saboda haka ki zo ranar Asabar. Ki aro babbar mota. Kujerar marigayiya mahaifiyarki ba za ta shiga taki ba, kuma ba zan bar ta ita kaɗai a gidan ba.

Ki gaida yara. Naki har kullum,
Baba