Ciwon Kan da Ba Ni da Shi

Adabka,
14 ga Maris, 2011

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da su Ridwan, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan kowa lafiya lau, har ni. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan, Yaya: ciwon kan da aka ce miki ina fama da shi, ƙarya ce.

Tun da aka kai ki Suleja, surfe da daka da ɗiban ruwa suka dawo kaina. Wata rana ina tsakiyar littafin da Hafsa ƙawata ta ara mini, daidai inda saurayin zai faɗi abin da ke ransa, Inna ta ce in fito ga turmi. Sai na ce kaina ke sarawa. Ta ce in kwanta. Washegari na sake, har ya zama kullum.

To ga inda ƙaryar ta kai ni. Kowace safiya sai na sha jiƙon maɗaci. Mata na shigowa yi mini sannu, ina lanƙwasa wuya. Littattafan ma Inna ta kwashe, wai su ke ƙara ciwon. Ina kwance, ba karatu, ina jin tana daka ita kaɗai da ciwon bayan nan nata, tana tsayawa tana nishi. Haushin kaina nake ji, haushin turmin nake ji.

Jiya abin ya wuce wasa. Inna ta tuna yaran Tungar Guru da gubar dalma ta kama, ta ce ko ita ce ta kama ni, ranar Litinin ta sama za ta kai ni Anka a auna jinina. Ta dafa goshina ta ce, "Ke dai kada ki tafi ki bar ni." Sai na juya na fuskanci bango.

Don Allah ki kira wayar Baba ki gaya wa Inna gaskiya kafin ranar. Faɗan zan iya ɗauka, kallon idonta ne ba zan iya ba. Yau na yi shara na cika randuna, sai cewa ta yi in bi a hankali.

Ki gaida Ridwan da Husaina da surukarki.

Ƙanwarki,
Munira

Sau biyu ina rubutawa ina yagawa. Ga Kawu Makau can ya tada babur, gobe zai bi motar Suleja. Bari in miƙa masa kafin in sake tunani.