Makwancin Barsu

Rano, 4 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Hansatu, a Tarai.

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Malam da yara kuna lafiya. Ni da sauƙi. Maɗori ya ce ƙafar ta soma kamawa, amma ba zan taka ba sai bayan sati shida. Wayata ta farfashe tare da babur ɗin da na faɗi da shi, shi ya sa na ba Habu direba takarda.

Maganar karyata ce, Barsu. Na bar ta ɗaure a lambu, bakin fadama, ga tsohon ciki, kin kuma san yadda ɗari yake sauka a wurin. Don Allah ki kwance ta ki kai ta gidanku. A samu lungun da iska ba ta bugu, a zuba busasshen ƙaiƙayi, a shimfiɗa buhun algarara, kada cikinta ya taɓa ƙasa. A riƙa ba ta abinci da ɗumi. Shekara shida tana tsare min tumatir, ban taɓa rasa ko kwando ɗaya ba.

Na bar ku lafiya.
Ƙaninki, Ɗantala

Tarai, 7 ga Janairu

Ɗantala,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Na ɗauko ta, amma ka manta gidan da nake aure. Ko'ina alluna ne da buzayen salla. Na ce, "Malam, rai ne fa." Ya ce, "Na sani. A ciyar da ita, ina son ladan. Amma ba za ta tsallake zaure ba."

Na kewaye mata zana a bayan katanga, na yi duk yadda ka ce. Sau biyu tana tsinke igiya tana komawa lambunka. Da safe in tarar da ita jiƙe da raɓa tana rawar sanyi, in jawo ta ta cikin gari mata suna yi min dariya.

Ka huta lafiya.
Yayarka Hansatu

Rano, 9 ga Janairu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Habu ya ce ƙofar zanar gabas take kallo, iska tana shiga kai tsaye. To yaya za ta zauna? Ya ce buhun ma na leda ne, irin na taki. Algarara na ce, Yaya, algarara! Ina kwance a nan ko banɗaki sai an ɗaga ni, abu ɗaya na roƙa. A juya ƙofar don Allah.

Sai na ji daga gare ki.
Ɗantala

Tarai, 15 ga Janairu

Ɗantala,

Salamu alaikum. Tunda Habu ya iya gani, ka tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar mata ko kwanon ruwa.

Na juya ƙofar. Ta haihu ran Lahadi, guda biyar. Washegari na tarar biyu sun sandare. Tsoro ya kama ni, na zuba garwashi a kasko na ajiye mata a gefe, na shiga ɗora koko. Ihun maƙwabta ne ya fito da ni. Zanar ta kama, wutar ta ci karan da Malam ya tara don gyaran danga. Na ciro ukun a cikin zanena, hannuna na dama ya ƙone, da kyar nake rubutun nan. Malam bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Hansatu, ya isa."

Fanta mai kawo mana nono ta zo ta same ni ina kuka. Ta ce, "Ba ni su. A rugarmu karnuka cikin maruƙa suke kwana, ba sa sanin ana sanyi." Ta sa 'yan kwikwiyon a ƙwarya, uwar ta bi ta.

Ka yi fushi in kana so.
Hansatu

Rano, 17 ga Janairu

Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Ban san bakin da zan ba ki haƙuri da shi ba. Ga man ƙuna nan a hannun Habu, ki riƙa shafawa. Ki ba Malam haƙuri, in na miƙe ni zan gyara dangar. Yaya Barsu take a can? In sanyi ya ɗan saki, a mayar da ita lambu.

Allah ya ba ki lafiya.
Ɗantala

Tarai, 29 ga Janairu

Ɗantala,

Wa alaikumus salam. Hannu ya yi sauƙi. Na je rugar jiya. Bukkar maruƙan ba ta da tsayi, ciyawa ta yi kauri a ƙasa, da ka sa kai za ka ji ɗumi. Barsu ta yi ƙiba, 'ya'yan sun buɗe ido. Tana shan tsala da ɗumame, tana raka shanu mashaya.

Amma gara ka ji daga bakina. Tunda ta je ba ta ƙara leƙa lambunka ba, awaki sun cinye rabin tumatirin. Na kira ta, ta kaɗa min wutsiya, ba ta taso ba. Mijin Fanta ya ce in tambaye ka ko za ka bar musu ita. Ban ce masa komai ba.

Ka gaida maɗori.
Yayarka Hansatu

Rano, 1 ga Fabrairu

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku. Kada a taɓa ta, ta zauna inda take jin ɗumi. Mijin Fanta kuma ya dakata. Ranar da na soma takawa, rugar zan fara zuwa, in tsaya daga nesa in yi mata fito. Abin da ta yi, shi ke nan.

Na gode, Yaya.
Ƙaninki, Ɗantala