Ba Wanda Zai Ce wa Kailu Ya Tuɓe Riga

Zuwa ga Yaya Magagi, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan ruwa ya sauka, geron gonarmu ta Tabla ya kai gwiwa. Sai dai gida ba daɗi, dalilin wannan takarda ke nan.

Ƙanenka Kailu ba shi da lafiya. Tun bara yake ramewa, ido ya yi ruwan ɗorawa, amma in ka tambaye shi sai ya ce gajiya ce. Ka dai san halinsa. Tun zamanin soja da aka dawo da shi Filinge ya zama lokotoro, wato likitan kowa, bai taɓa zama gaban wani a duba shi ba. Shi ke zaɓar wa kansa magani, ya haɗiye a tsaye ya koma aiki. Da ciwo ya kwantar da shi, 'yan dubiya suka cika zaure, kowa ya gama yi masa sannu sai ya ɗaga riga ya nuna nasa ciwon. Na kori wasu, ya rufe ni da faɗa.

Da ƙyar muka lallaɓa shi zuwa Yamai. Lokotoron da ya karɓe mu, ashe a hannun Kailu ya koyi aiki. Yaya, bawan Allahn nan miƙewa ya yi ya ba shi kujerarsa, ya tsaya yana tambayarsa me yake gani ke damunsa. Kailu ya faɗi sunan wani ƙaramin ciwo da Faransanci, wancan ya gyaɗa kai. Kunya ta hana shi ce wa malaminsa ya tuɓe riga ya hau gado. Haka muka juyo, ko taɓa shi ba a yi ba. Na yi ta kuka har Baleyara, shi kuwa yana tsokanata wai na fi shi kama da marar lafiya.

Sai da Inna Muna, ƙanwar babanmu, ta zo daga ƙauye. Ita da ta yi masa wanka yana jariri ba ta nemi izini ba, ta ɗaga rigar ta danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ta ji wani ƙullutu mai tauri a wajen hanta. Na zaci za ta kawo zancen borinta, amma ko kusa. Tambayarsa kawai ta yi tun yaushe ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce ya daɗe, hannun da ya taɓa irin wannan a cikin mutane da yawa ba zai kasa gane shi a nasa ba.

Yaya, ka zo. Kai kaɗai ka rage sama da shi, in ka ce ya koma Yamai ba zai musa maka ba. Ko da sauran magani ko babu, ina son a duba shi kamar kowa.

Inna Muna na gaishe ka, haka Albarka mai ɗakin Kailu da yara. Ka gaishe mini da Kande da su Salisu. Na gaya wa Kailu ka ce za ka zo bayan girbi. Sai ya ce in faɗa maka kada ka jira girbi.

Ƙanwarka,
Habsa